Hattara da masu bin gidajen cikin gari da sunan gwanjon kayan yaƙi a Landan

Jama'ar cikin garin Kano, musamman gidajen da aka gaji takobi ko sulke ko kwalkwali, don Allah ku tsaya ku karanta. A gidanmu abin ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba. Na daɗe ina jin nauyin faɗa saboda Yayana ne ya rufta, amma makon jiya na ji an yi wa wani gida a unguwar da ke bayanmu irin wannan ta'asa, sai na ga shirun ya isa haka.

Mutumin ba ya kama da ɗan damfara ko kaɗan. Farar shadda, ƙamshin turare, magana a tsanake, kuma ba ya wuce sallar jam'i. Bayan hawan Daushe ya samu Yaya ta hannun wani dillali, ya ce ya ji labarin akwai tsohon sulke a gidanmu. Akwai kuwa. Na kakan mahaifinmu ne, wanda a gida aka ce yana cikin mutanen Sarki Alu lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903. Tun muna yara yake rataye a ɗakin Baffa, ba a sauke shi sai za a shafa masa mai.

Da waya ya fara ɗana tarkon. Ya nuna wa Yaya hoton takobin Tipu Sultan, sarkin nan na Indiya da Turawan Ingila suka kashe a 1799, wanda gidan gwanjo na Bonhams a Landan ya sayar a watan Mayun 2023 kan fam miliyan 14. Labarin gaskiya ne, kowa zai iya dubawa, shi ya sa ya yi tasiri. Sai ya ce, "Alhaji, abin da ke ɗakin Baffanku ya girmi wannan nesa ba kusa ba." Ya kawo tarihin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, wanda aka ce shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke Kano. Wannan ma haka yake a tarihi. Ƙaryar ita ce cewa namu na wancan zamanin ne, kuma wai shi wakilin wani gidan gwanjo ne a Ingila.

Daga nan aka shiga tatsa. Wai ba a shigar da kaya guda ɗaya gwanjo, sai an haɗa uku, kuma cikin ikon Allah yana da tsofaffin takubba biyu da wasu magada ke neman kai da su. Yaya ya saya. Sai kuɗin rajista, sai na ƙwararren da zai tantance, sai inshora, sai na kwastan. Kowanne da takardarsa mai hatimi, kowanne kuma asusun wani mutum daban ake turawa a bankin waya. Kafin wata biyu kuɗin da Yaya ya ware na sarin atamfa a Kantin Kwari ya tafi. Bai gaya wa kowa ba, so yake ya ba dangi mamaki.

Kuɗi dai ana samun wani. Abin da ya fi ci mana rai shi ne ranar da mutumin ya ce a ba shi sulken kwana uku a auna shi a ɗauki hoto. Baffa na asibiti a lokacin, Yaya ya sauke ya ba shi. Ya kuwa cika alkawari, ran na uku ya dawo da sulke a buhu, aka mayar aka rataye. Da aka sallamo Baffa, idonsa ya riga ya yi rauni, sai ya kai hannu kamar yadda ya saba in zai wuce. Ya shafa kafaɗar, ya sake shafawa, ya ce a sauke masa. Ya ɗora a cinya yana murza zobban ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Wa ya shiga ɗakin nan? Wannan ba na Malam ba ne."

Namu kowane zobe an buga bakinsa ya yi faɗi, an huda, an ɗaure da 'yar ƙusa ƙanƙanuwa, in ka shafa za ka ji ƙurjinta. Wanda aka dawo mana da shi waya ce irin ta shinge aka naɗe aka yayyanka, aka haɗa baki da baki, aka turara da hayaƙi. Kada a fahimce ni baibai, akwai tsofaffin sulkuna na gaske da ba su da ƙusa, irin waɗanda aka yi a Sudan. Amma in ka kankare zobe da farce ka ga farin ruwan nan na wayar zamani a ƙasa, magana ta ƙare.

Takubban biyu kuwa na kai wa wani dattijon maƙeri kusa da Kasuwar Kurmi. Bai ma gama zare na farko daga kube ba ya fara dariya. Ya ce sifirin ɗin mota ne, bai shekara biyu da barin uwar maƙera ba. An jiƙa shi da ruwan batir da gishiri, an binne a ƙasa mai damshi. Ya goga da tsumma, jar tsatsa ta biyo. Ya ce tsatsar shekara ɗari baƙa ce, ta zauna a jikin ƙarfe, ba ta bin tsumma. Na nuna masa tambarin jinjirin wata da mutumin ya ce shaidar ƙirar Jamus ce. Ya ce gaskiya ne a da ana kawo ruwan takubba daga Solingen ta hamada, amma tun zamanin kakanni maƙeran ƙasar nan da na Buzaye ke buga irin wannan tambari a nasu. Su maƙeran ba su da laifi a nan, kayan hawa da na ado suke yi, a haka suke sayarwa da kuɗi kaɗan. Macucin ne ke saya ya tsofar da shi ya ƙirƙira masa kaka.

Akwai wani abu da Yaya bai sani ba, shi kuma mutumin ya sani sarai. Dokar hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta 1979, ta sa makami ko sulke na gargajiya da aka ƙera kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ba a cinikinsu sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa, ba a fitar da su waje sai da izininta. Da Yaya ya kira shi ya ce zai kai ƙara, cewa ya yi, "Bismillah Alhaji, sai dai ka tuna hannunka na kan takardar fitar da kayan." Daga ranar layin ya mutu. Ofishin da ya taɓa kai Yaya, a wani bene a titin Gidan Zu, muka tarar hayar wata uku ce, yanzu masu gyaran waya ne a ciki. Duk da barazanar tasa mun kai maganar EFCC, don wanda aka damfara ba shi ne ya kamata ya ɓuya ba.

Gidan gwanjo na gaske daga kuɗin ciniki yake cire la'adarsa, bayan kaya ya fita. Yana buga jerin kayansa da hotuna kowa ya gani tun kafin ranar, kuma ba ya karɓar kuɗi ta asusun wani ɗan tsakani. In kana son sanin abin da ke gidanku, Gidan Makama na nan kusa da fada, ka je da hoto ka tambayi ma'aikatansu. Kada kayan ya kwana a waje ko dare ɗaya, kada a goge shi da samfefa don ya yi ƙyalli, a ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare tun yau. Mu ba mu da ko hoto ɗaya mai kyau na namu, sai wani na Sallah da ya fito a bayan kan yara.

'Yan Kurmi da dillalan kayan da, ga alamar sulkenmu: gajeren hannu ne, wuyansa an yi masa kafi da jar fata da ta koma baƙa, a kafaɗar hagu kuma akwai faci kamar tafin hannu da aka yi da zobban tagulla. In an kawo muku shi, na gado ne, ba a raba ba, kuma Baffa bai sayar ba.