Kujerar hawa bishiya ta mafarauta: wacce ta fi?

Na gwada kala biyu na kujerar nan da maharba barewa ke hawa bishiya da ita, wadda kashi biyu ce, ta zama da ta taka ƙafa, kana ɗaga ɗaya kana jawo ɗaya har ka kai sama. Ta farko, mai suna Summit Viper, ta alminiyom ce, nauyinta wajen kilo 9 ne, tana ɗaukar mutum har kilo 136, kuma gaskiya zamanta akwai daɗi, ƙarfen da ya zagaye gabanta yana sa hankalinka ya kwanta, sai dai mai baka zai ji yana ɗan tare shi wajen harbi. Ɗayar ta baƙin ƙarfe ce, ta fi araha amma wallahi goya ta a daji aiki ne, ga ƙara kamar kana sanar da barewa ka iso.

Duk biyun sai miƙaƙƙiyar bishiya mara rassa a ƙasa, mai santsin ɓawo kuwa kar ma ka fara. Ka ɗaura bel ɗin jiki mai haɗa ka da bishiya tun daga ƙasa ba sai ka hau ba, ka haɗa kashi biyun da igiya don in ta ƙafar ta zame ka shiga uku. Bindiga kuma a cire harsashi, a jawo ta da igiya bayan ka zauna.