Cibiyar NHC ta Miami: Yadda Take Hasashen Guguwar Teku da Inda Mai Karatu Kan Ruɗe

Daga ranar 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba na kowace shekara, lokacin da Tekun Atlantika ke haifar da mahaukatan guguwa, akwai ofishi guda a birnin Miami na jihar Florida da hukumomin agaji da matuƙan jiragen ruwa da gidajen labarai suke dogara da shi. Ofishin shi ne cibiyar lura da guguwar teku ta Amurka, wadda aka fi sani da NHC, kuma reshe ce ta NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka. Duk abin da take fitarwa yana shafinta na intanet kyauta, babu rajista kuma babu talla. Na bibiyi shafin a lokutan guguwa dabam-dabam, kuma ra'ayina shi ne aikin cibiyar abin dogaro ne ƙwarai, sai dai hoton da ya fi shahara a cikinsa shi ne ya fi ɓatar da wanda bai saba ba.

Abu na farko da mai ziyara zai gani shi ne taswirar teku da ke nuna wuraren da ake zaton guguwa za ta iya ƙulluwa cikin kwana bakwai masu zuwa, da launin rawaya ko ruwan lemo ko ja, gwargwadon ƙarfin zaton. Wannan sashe ya fi ƙayatar da ni, domin a nan ne mutum yake ganin haihuwar guguwa tun tana tarin hadari marar tsari. Da yawa daga cikin manyan guguwar Atlantika suna farawa ne a matsayin jerin hadari da ke fita daga Afirka ta Yamma, su wuce ta kusa da tsibiran Kef Bade, su nufi yamma. Idan suka tarar da ruwan teku mai ɗumin da ya kai kimanin digiri 26.5 a ma'aunin Selshiyos, tururi yana tashi sama, ya daskare ya zama gajimare, ya saki zafin da yake ɗauke da shi. Zafin nan yana ƙara ɗaga iska, matsin iska ya ragu a ƙasa, sabuwar iska mai laima ta kwararo ta cike gurbin, juyawar duniya kuma ta murɗa ta har ta fara kewaya cibiya ɗaya. Abubuwa biyu kan kashe ta tun ba ta girma ba: busasshiyar iska mai ƙura daga Sahara, da kuma saɓanin ƙarfi ko alkibla tsakanin iskar sama da ta ƙasa, wanda ke karkatar da ita ya wargaza tsarinta. Gajeren bayanin da ke rakiyar taswirar yakan ambaci waɗannan dalilai, don haka mai karatu yana samun hujja tare da hasashen.

Da zarar guguwa ta samu tsari, cibiyar tana fitar da cikakkiyar sanarwa duk bayan awa shida, kuma tana ƙara wasu a tsakani idan an riga an gargaɗi wata gaɓa. Alƙaluman ba daga tauraron ɗan'adam kaɗai suke fitowa ba. Jiragen sama na rundunar sojin saman Amurka da na NOAA suna kutsawa cikin guguwar har idonta, suna jefa ƙananan na'urori da ke auna matsin iska da gudunta da laimarta yayin da suke gangarowa zuwa ruwa.

Matsalar tana farawa ne daga hoton nan mai siffar mazurari da gidajen talabijin suke nunawa. Mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin iyakar wurin da guguwa za ta yi ɓarna, alhali kuwa yana nuna inda ake sa ran cibiyarta za ta bi ne kawai. Ana ƙayyade faɗinsa daga kurakuran hasashen shekaru biyar da suka gabata, ta yadda kashi biyu cikin uku na kurakuran za su faɗa cikinsa, wanda ke nufin ita kanta cibiyar guguwar tana iya fita daga ciki ba sau ɗaya ba. Hoton bai ce komai ba game da girman guguwar, kuma iska da ruwan sama da tumbatsar teku suna iya kai wa ɗaruruwan kilomita a wajensa. An rubuta wannan gargaɗi a saman hoton, amma idon mai kallo ya fi zuwa ga zanen, kuma mazaunin garin da ya faɗo a wajen layin zai iya kwanciya da murna a daren da ya kamata ya tattara iyalinsa.

Haka lamarin yake ga lambar mataki. Ma'aunin Saffir-Simpson yana raba guguwa gida biyar bisa gudun iska kaɗai, daga kilomita 119 a awa ɗaya a mataki na farko zuwa kilomita 252 ko fiye a mataki na biyar. Amma ruwa ya fi iska kisa. Wani nazari da aka yi a NHC kan mace-macen guguwa a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna cewa kusan tara cikin goma ruwa ne ya yi sanadinsu, kuma kusan rabi daga tumbatsar teku ne, wato lokacin da iska ta turo ruwan teku ya hau tudu. Tsayin wannan tumbatsa ya dogara da faɗin guguwar, da zurfin teku kusa da gaɓa, da siffar gaɓar, da kuma ko ta zo daidai da cikar teku. Guguwar Katrina tana mataki na uku lokacin da ta sauka a ranar 29 ga Agusta 2005, amma ruwa ya tashi fiye da mita takwas a gaɓar Mississippi, shingayen da ke tare ruwa a birnin New Orleans suka karye, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. Ike ta 2008 tana mataki na biyu ne kawai, duk da haka ta share gidaje a gaɓar Texas. Harvey kuwa ta tsaya cak a kan Texas a 2017 ta zubar da ruwan sama fiye da milimita 1,500 a wasu wurare.

A nan ne cibiyar ta cancanci yabo, domin ta gyara aikinta bayan waɗannan darussa. A 2010 ta cire ƙiyasin tumbatsa daga ma'aunin matakai saboda yana ruɗar da jama'a. Bayan Sandy ta 2012, wadda ta sauya siffa ta fita daga rukunin guguwar yankin zafi kafin ta sauka a New Jersey har ƙa'idar lokacin ta hana a ba da gargaɗin guguwa a can, an sauya ƙa'idar. Daga 2017 kuma aka fara ba da gargaɗi na musamman kan tumbatsar teku, akwai kuma taswirar da ke nuna zurfin da ruwa zai iya kaiwa a saman ƙasa. Wannan taswira, a ganina, ita ce mafi amfani ga mazaunin gaɓa, kuma abin takaici ne cewa sai mutum ya neme ta a cikin jerin ƙananan hotuna, yayin da mazurarin ya ci gaba da zama abin da kowa yake yaɗawa.

Akwai kuma sashen da masanin da ke bakin aiki yake rubuta sharhinsa ya sa sunansa a ƙasa. Harshen yana da nauyi, cike da kalmomin fanni, amma a nan ne ake faɗin gaskiyar inda lissafin kwamfutoci ya saɓa wa juna da kuma dalilin da ya sa aka fifita ɗaya. Wanda ya daure ya karanta shi zai fahimci cewa hasashen hanyar guguwa ya inganta sosai cikin shekarun nan, amma hasashen ƙarfinta har yanzu yana ba da wahala. Otis ta tabbatar da haka a Oktoban 2023: cikin kusan kwana ɗaya ta tashi daga matsakaiciyar guguwa zuwa mataki na biyar, ta afka wa Acapulco a Meziko kafin jama'a su samu isasshen lokacin shiri.

Shafin kansa ba shi da ado, yana buɗewa da sauri ko da intanet ba ta da ƙarfi, kuma wannan alheri ne ga wanda ke cikin yankin da wuta ke ɗaukewa. Sanarwar tana ba da gudun iska da mil da kuma kilomita, amma zurfin tumbatsa a gaɓar Amurka da ƙafa ake ba da shi, kuma yawancin bayanin da Ingilishi ne, sai wasu sassa da Sifaniyanci. Aikin cibiyar ya tsaya kan Atlantika da gabashin Tekun Fasifik. Mai bibiyar guguwar da ke tunkarar Mozambik ko Madagaska sai ya koma ga cibiyar Météo-France da ke tsibirin Réunion, guguwar Tekun Bengal tana hannun hukumar yanayi ta Indiya a New Delhi, ta yammacin Fasifik kuma tana hannun hukumar yanayi ta Japan a Tokyo.