Saƙo daga Ingila zuwa ga 'yan uwana likitocin dabbobi na Gombe da Bauchi

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan aiki, musamman waɗanda muka sha ranar tike tare. Tunda na zo ƙasar nan kusan kowa ya kira ni tambayar ɗaya ce, Dakta ya aikin yake a can, me suke da shi wanda mu ba mu da shi, ni kuma kullum sai in ce zan zauna in rubuta, Allah bai yi ba sai yau da na samu hutu bayan sati guda ina amsa kiran dare. Ina arewacin Ingila ne, yankin Cumbria, kusa da iyakar Scotland, wajen ba komai sai tumaki da shanun madara da ruwan sama wanda baya gajiya.

Shigowa aikin kam ba sauƙi, gara in faɗa tun farko. Takardar da muka samu a Maiduguri ko Zariya ko Sakkwato hukumarsu ta rajistar likitocin dabbobi, RCVS, bata karɓanta kai tsaye, sai ka ci jarabawar turanci, IELTS ko OET, sannan ka zauna tasu jarabawar, akwai na rubutu akwai na gwaji da hannu. Kafin in ci, a mayanka na yi aiki ina duba nama, sanyi kamar zai tsinke yatsu. Amma ba wannan ne ya sa na ɗau waya yau ba, maganar karatu bayan gama makaranta ne, don shi ne abin da ya fi tsaya min a rai.

A nan duk likitan dabbobi dole ya yi awa 35 na ƙarin ilimi a kowace shekara, nas na dabbobi kuma awa 15, suna kiransa CPD. Akwai manhaja a waya sunanta 1CPD, duk abin da ka koya sai ka shigar, kuma ba wai ka rubuta na halarci taro kaza ka tashi ba, a'a sai ka rubuta me ka ƙaru da shi kuma me zaka canza a aikinka saboda shi. Da farko na ɗauka duk awannin nan sai ka biya kuɗi ka je otal an baka jaka da biro kamar yadda muka saba, ashe ba haka bane, in ka karanta maƙala a mujalla ya shiga lissafi, in ka saurari lacca ta intanet ya shiga, in kun zauna da abokan aiki kun tattauna saniyar da ta mutu a hannunku kun binciko inda aka yi kuskure shima ya shiga. Wannan na ƙarshen shi yafi burge ni wallahi. A asibitin da nake, sau ɗaya a wata ana zama bayan an tashi aiki, a haɗa shayi, kowa ya kawo abin da ya bashi wahala, babban likitanmu wanda ya haura shekara talatin a aikin da bakinsa zai ce nan na yi kuskure, ba wanda zai mishi dariya kuma ba wanda zai fita da maganar waje. Mu a gida in dabba ta mutu ma sai a ce kwananta ne ya ƙare a rufe zancen, kwana kam ya ƙare gaskiya ne, amma sababin fa, shi ne aikinmu.

Bari in baku misali da kaina. Shekarun da na yi ina zaga rugage ta wajen Dukku da Wawa-Zange, in aka kira ni ɗan maraƙi na zawo abu na farko da hannuna yake kaiwa shi ne kwalbar antibayotik ɗin oxytetracycline, in tsira mishi in ƙara da multivitamin, Ardo ya yi godiya in hau mashin. Wasu su tashi wasu su mutu. Satina na biyu a nan muka je wata gona da wata likita 'yar ƙasar, yarinya ce ƙarama bata fi shekara uku da gama makaranta ba, maraƙi kwance ɗan kwana takwas, ido ya faɗa, ta ja fatar wuyansa ta saki ta tsaya tana kallon yadda take komawa a hankali, ta sa yatsa a bakinsa taga baya tsotsa. Ta ciro wani ɗan kwali daga bayan mota ta ɗebi kashin ta gwada a wajen, minti goma sakamako ya fito, ƙwayoyin cuta huɗu masu sa zawo yake nunawa, rota da korona da E. coli da kirifto, na wannan kirifto ne. Bata taɓa antibayotik ba. Ruwa ta ɗaura mishi a jijiya da sinadarin bicarbonate, ta ce ma manomin ya dinga bashi ruwan gishiri da sukari na maraƙa tsakanin shan nono kuma kar ya yanke mishi nonon, sannan ta zauna tana tambayarsa awa nawa da haihuwa ya sha dakashi. Washegari maraƙin nan yana tsaye. Na dawo gida daren nan na kasa barci ina tuna maraƙan mutane da suka mutu a hannuna, rashin ruwa a jiki ne ya kashe yawancinsu, kuma maganin nasu bai fi ƙarfin aljihun kowane Bafulatani ba. Kwalin gwajin ne bamu da shi, amma ruwa da gishiri da sukari da kula da dakashi ai muna da su, an ma koya mana a aji, kawai dai ba wanda ya sake tuna mana tun ranar da muka yi rantsuwa.

Toh shi ya sa nake so ku ji wannan da kyau, da yawa daga abin da suke karantawa a nan kyauta ne kuma wayar da ke hannunka a Tashar Dukku zata buɗe shi. MSD Veterinary Manual, littafin nan da muke layi a laburare a kansa lokacin sunansa Merck, yanzu gaba ɗayansa yana intanet kyauta har da manhajar waya, kuma ana sabunta shi. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana da makarantarta ta intanet, elearning Academy, kwasa-kwasai kyauta kan cututtukan dabbobi da juriyar ƙwayoyin cuta ga magani, ka gama ka ci gwaji a baka shaida. Akwai EuFMD, hukumar yaƙi da cutar ɓoru ta Turai, suma ƙarƙashin FAO suke, darussansu kan ɓoru ban ga kamarsu ba, da hotuna zasu nuna maka yadda zaka kalli gyambon harshe ko na kofato ka ƙiyasta kwana nawa da fitowarsa, wanda da shi zaka gane yaushe cutar ta shigo garke kuma wace dabba ce ta kawo ta. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da muka sani da OIE, wadda ta koma WOAH a 2022, littattafanta na gwaje-gwaje da rigakafi duk a buɗe suke, ga WAHIS inda zaka ga cutar da ta ɓulla a Kamaru ko Chadi ko Nijar kafin shanun su iso kasuwanninmu. Masu duba karnuka da kyanwa, ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ta sa ƙa'idojin rigakafinta kyauta. Waɗanda ke jami'a ko kwaleji kuma ku tambayi mai kula da laburare maganar Research4Life, ta nan ake samun AGORA da Hinari, hanyoyin samun mujallun da ake saya da tsada a nan. Na kuɗi ma akwai, irinsu The Webinar Vet da kwasa-kwasan BSAVA, ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta Birtaniya, a nan wajen aiki ne yake biya maka har ya baka ranaku na musamman don karatu, to wannan kam ba zan ce ku sa kuɗinku ba sai kun cinye na kyautan tukuna, kuma ba zaku cinye ba.

Abin da ya fi bani mamaki katin FAMACHA ne. A Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro shi saboda tsutsar ciki mai shan jini ta tumaki da awaki, Haemonchus, wadda take gama mana da dabbobi duk damina. Kati ne mai launi biyar daga ja zuwa fari, ka buɗe fatar ƙasan idon tunkiya ka gwada, wadda idonta ya yi fari ita zaka ba magani, mai jan ido ka ƙyale ta, da haka maganin baya saurin daina aiki kuma mai dabba ya rage kashe kuɗi. Abu na nahiyarmu, don irin yanayinmu, amma sai da na zo ƙasar da rana take wuya kafin na riƙe shi a hannuna, a wani darasi na dare ta kwamfuta. Mu kuwa albendazole muke ɗura ma garke gaba ɗaya duk wanda ya zo, shekara da shekaru magani ɗaya, sannan muna mamaki wai yanzu baya ji. A nan shawarar da ake bayarwa ita ce kafin a ba tumaki maganin tsutsa a ƙirga ƙwan tsutsa a kashi da madubin likita da faranti na McMaster, ɗan farantin da ake zuba samfurin a ciki, bayan sati biyu a sake ƙirgawa a ga ko ya yi aiki. Madubi ɗaya da ruwan gishiri mai kauri ya isa, wannan ko a Kumo ko Bajoga za a iya.

Maganar magani kuwa nan ne tazarar take da nisa. Antibayotik ba mai sayar maka sai da takardar likitan da yake kula da garken, manomi yana da littafi da yake rubuta duk allurar da aka yi, lambar kunnen saniya, ranar, da ranar da za a iya shan nononta ko cin namanta, kuma dole ya ajiye bayanan shekara biyar. In tankar madara ta zo ana gwadawa, aka samu burbushin magani asarar a kansa take. Da irin wannan suka rage sayar da antibayotik na dabbobin abinci da sama da rabi daga 2014. Ni kuwa ina tuna ranar kasuwa, tebur a tsakiyar rana an jera kwalabe, maganin sammore da ivermectin da na ciwon huhu duk sun yi zafi kamar an dafa, mai sayarwa shi ne likita shi ne mai allura, a yi ma saniya da safe da yamma a tatse ta a kai nonon cikin gari yaranmu su sha. Na taɓa sayen kwalin maganin sammore a wani shago, na yi ma shanun wani bawan Allah guda goma sha, ba wadda ta motsa, ashe jabu ne, har yau in na tuna fuskar dattijon nan sai in ji ba daɗi don ni ya yarda da ni ba shagon ba. A nan firij ɗin rigakafi ma yana da na'urar da take rubuta sanyinsa dare da rana. Mu cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yi mana rigakafi masu kyau, na ciwon huhu da PPR, annobar tumaki da awaki, da harbin daji da saifa da na kaji, wajen ya haura shekara ɗari tun 1924, amma daga Jos zuwa ruga a bayan Nafada cikin zafin Afrilu ba wuta ba ƙanƙara, a hanya ake kashe maganin. Haka samfur, a nan in na ɗebi jini da safe na sa a ambulan, cikin kwana biyu zuwa uku sakamako na cikin imel.

Kar kuma ku ɗauka komai nasu yafi. Tsada kam ba a magana, kare in ya karye kuɗin aikinsa zai sayi shanu a tike, wanda bashi da inshora wani lokacin sai dai a kashe dabbar yana kuka, har hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta buɗe bincike kan farashin asibitocin dabbobi a 2024. Sannan takardu sun yi yawa, rabin ranarka a gaban kwamfuta. Kuma ido da hannu Allah ya bamu. Ɓoru ta shigo musu a 2001 aka kashe dabbobi sama da miliyan shida, Cumbria nan tafi ko'ina jin jiki, tsofaffin manoma har yanzu in suna bada labarin hayaƙin ƙona shanu muryarsu rawa take, amma matasan likitocinsu a hoto kawai suka san cutar. Ranar da na ce musu na duba garke mai ɓoru ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, sai suka sa ni na yi musu bayani a zaman wata, na haɗa da PPR da kirci da ciwon huhu, suna ta rubutawa, aka sa min shi a awannina na CPD. Ciwon hanta kuma duk ɗaya, su ma yana damunsu saboda dausayi kamar dai shanun da ke kiwo bakin dam ɗin Dadin Kowa, nasu tsutsar ce kawai ta fi tamu ƙanƙanta.

Na san matsalar data da wuta, ban manta ba, na kuma san seminar hukumarmu ta rajistar likitocin dabbobi, VCN, da taron ƙungiyarmu ta likitocin dabbobi, NVMA, suna nan ana yi, amma sau ɗaya a shekara ne kuma ba kowa ke da kuɗin mota da masauki ba. Abin da nake roƙo mai sauƙi ne, ku biyar ko shida da ke gari ɗaya ku sa rana ɗaya a wata bayan la'asar, ku haɗa da ma'aikatan lafiyar dabbobi na ƙauye don su suka fi mu shiga ruga, mutum ɗaya ya sauke darasi ɗaya in ya samu netwok mai kyau ya tura ma sauran, wani ya kawo labarin dabbar da ta gagare shi, ku samu littafi ku dinga rubuta abin da kuka tattauna da kwanan wata. An ce za a kawar da PPR a duniya nan da 2030 kamar yadda aka gama da cutar bushiya ta shanu a 2011, ga ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024, in aikin ya zo waɗanda suka shirya za a nema.

Ni daga nan zan iya shiga zamanku ta waya in kun sa ranar Asabar da bana kan kira. Akwai wani ɗan uwa da zai taho gida bayan sallah, na sayi farantin McMaster guda huɗu zan bashi, biyu Gombe biyu Bauchi, ku yanke shawarar wajen wanda za a ajiye, amma ya zama mai madubin da yake aiki. Ku gaida min mutanen tike da su Ardo, wanda ya je wajen Dukku kuma ya faɗa min ya ruwa ya yi bana.