Trilogy 100: Yadda take bin numfashin majinyaci idan iska tana zurarewa

Trilogy 100, na'urar taimakon numfashi ta tafi-da-gidanka da kamfanin Philips Respironics ya ƙera, nauyinta kusan kilo 5 ne, kuma tana da batir biyu, na ciki da na cirewa, kowanne yana kaiwa kimanin awa 3. Sai dai a ganina, inda darajarta take shi ne yadda take jure zurarewar iska.

Idan an haɗa ta da bututu guda da takunkumin fuska, akwai ƙofar da aka bari da gangan domin gurɓatacciyar iska ta fita, sannan ga iskar da ke sulalewa ta gefen hanci, ko ta cikin gemu, ko idan baki ya buɗe cikin barci. Na'urar da ba ta iya bambancewa sai ta ɗauki wannan a matsayin numfashi ta hura iska ba a nema ba, ko ta ci gaba da hurawa alhali majinyaci yana son fitarwa, har ka ga yana kokawa da ita yana fizgar takunkumin.

Tsarin Auto-Trak, wato manhajar da ke cikin Trilogy 100 mai bin numfashin majinyaci, yana ƙiyasta iskar da ke zurarewa a kai a kai, yana kuma zana kwafin numfashin majinyaci wanda ke biye da na ainihi da tazarar daƙiƙa 0.3, ta yadda da zarar layukan biyu sun gitta juna, na'urar ta san lokacin hurawa ko sassautawa ya yi. Wannan yana rage wa ma'aikacin jinya yawan gyaran saiti cikin dare, kuma ba sai an ɗaure takunkumi tamau har ya ci karan hanci ba.

Amma tana da iyaka. Da bututu guda, yawan iskar da allon ke nunawa ƙiyasi ne, kuma idan zurarewar ta yi yawa ba a dogara da shi. Majinyacin da tsokokinsa suka yi rauni sosai kan buƙaci saiti mai saurin gane ɗan ƙaramin yunƙurinsa na numfashi.

Babban abin dubawa shi ne soson rage ƙara da ke cikinta. A watan Yunin 2021 kamfanin ya yi kiranyen wannan samfuri saboda soson yana iya rugurgujewa ya shiga hanyar iska, kuma zafi da danshi suna ƙara masa lalacewa. Duk asibitin da aka kawo wa ta hannu, ya nemi shaidar an sauya soson kafin ya biya.