Maganin hana tsufa: wanne ne ya cancanci kuɗinka?

Masu talla a Facebook da TikTok sun samu sabuwar haja: ƙwayoyin da wai suke jinkirta tsufa. Robar NMN, robar resveratrol, kwalaben bitamin kala-kala, wasu ma har sun fara kiran sunan metformin da rapamycin. Ajali dai na Allah ne, amma neman lafiya a tsufa ba laifi ba ne, kuma kowanne daga cikin kayan nan yana da bincike na gaske a bayansa. Matsalar ita ce yawancin binciken a kan ɓeraye aka yi shi.

NMN ya fi sauran tsada da farin jini. Jiki yana mayar da shi wani sinadari mai suna NAD+, wanda ƙwayoyin halitta ke buƙata wajen sarrafa abinci ya zama kuzari, kuma yana raguwa yayin da mutum ke manyanta. Gwajin da aka yi wa mutane ya nuna lallai yana ƙara NAD+ a jini. Sai dai gwaje-gwajen ƙanana ne, na makonni ko 'yan watanni, babu wanda ya nuna cewa mai shan sa ya fi wanda bai sha ba tsawon kwana.

Resveratrol, da ake samu a fatar inabi, ya riga ya ci zamaninsa. A 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi Sirtris, kamfanin binciken magunguna daga resveratrol da Farfesa David Sinclair na Jami'ar Harvard yake cikin waɗanda suka kafa shi, a kan dala miliyan 720. A 2013 aka rufe shi ba tare da maganin tsufa ya fito ba. Idan masu wannan dukiya sun haƙura, ban ga dalilin da zai sa ɗan albashi ya ci gaba da zuba nasa ba.

Bitamin masu yawan ƙarfi su ne mafi arha, kuma su ne mutane ke ɗauka ba sa cutarwa. A wani gwaji da aka wallafa a 1994 kan maza masu shan taba kimanin 29,000 a Finland, waɗanda aka ba beta-carotene, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari. A Amurka kuma, sakamakon 2011 ya nuna bitamin E ya ƙara haɗarin dajin prostate, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17. In likita bai ce kana da ƙarancin wani bitamin ba, kuɗin ya fi amfani a wajen mai kayan miya.

Metformin da rapamycin magunguna ne na asibiti. Na farko na ciwon suga ne, kuma shekara da shekaru Dakta Nir Barzilai na New York yana neman kuɗin gwada shi a kan tsofaffi kimanin 3,000 marasa suga. Har yanzu babu sakamako. Metformin yana iya rage bitamin B12 a jiki. Rapamycin kuwa shi ne ya fi kowa hujja a dabbobi: a 2009 ya ƙara wa tsofaffin ɓeraye kwana, mata da kashi 14, maza da kashi 9. Amma magani ne da ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda don a danne garkuwar jikinsa. Gyambon baki, hauhawar suga da maiƙon jini duk suna cikin illolinsa. Kada ka saye shi daga mai talla a WhatsApp.

Abin da ni zan sa kuɗina a kai ba ƙwaya ba ce, na'urar auna hawan jini ce. Hawan jini ba ya sallama, sau da yawa sai dai a ji mutum ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye. A gwajin SPRINT na 2015, kan mutane sama da 9,000 masu shekara 50 zuwa sama, waɗanda aka sauke musu lambar sama ta awon hawan jini ta koma ƙasa da 120 maimakon 140 mace-macensu sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Babu ƙwayar hana tsufa ko ɗaya da ke da irin wannan shaida a jikin ɗan Adam, kuma magunguna irin su amlodipine suna nan a kemis da sauƙin kuɗi, bisa umarnin likita.

Wajen sayen na'urar, ɗauki mai ɗaurawa a dantse, ka bar ta wuyan hannu, don ta fi yawan kuskure. Duba girman ɗaurin: in ya yi wa dantsenka kaɗan, lambar za ta fito sama da gaskiya. Ka je da ita asibiti a gwada ta da tasu. A gida kuma ka zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, dantse daidai da ƙirji, ka auna sau biyu ka rubuta.

In ka nace sai ka sayi ƙwaya, nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin robar, ka kuma faɗa wa likitanka, musamman in kana shan maganin suga ko na tsinka jini. Lambar tana nuna an yi wa kayan rajista ne kawai, ba shaida ba ce cewa abin da mai talla ya faɗa gaskiya ne.