Blackmagic Pocket 4K a hannun ɗalibin fim

Kyamarar Blackmagic Pocket Cinema Camera 4K ta fito a 2018, kuma har yau tana cikin waɗanda suka dace da mai koyon ɗaukar fim, don ba ta ɗauke wa mai ɗauka aikin da ya kamata ya koya da hannunsa. Ba ta bin fuskar ɗan wasa ta daidaita fokas da kanta, ba ta kuma gyara rawar hannu daga cikin jikinta. Abin da hannunka ya yi shi za ka gani, saboda haka ƙafa uku, wato abin ɗora kyamara, ta zama dole.

Saitin farko shi ne firam 25 a daƙiƙa, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane firam) a digiri 180, wato 1/50 na daƙiƙa. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar 50Hz ce. Idan ka bar ta a firam 30 da 1/60, ƙwan ɗaki zai riƙa ƙyaftawa a hoton. Janareta kuwa gudunsa ba ya tsayawa daidai, sai a ɗauki gwajin daƙiƙa 10 a duba kafin a kira 'yan wasa.

ISO ɗinta na asali, wato ma'aunin yadda take karɓar haske, biyu ne, 400 da 3200. Daga 100 zuwa 1000 tana kan na farko, daga 1250 ta koma na biyu. Shi ya sa a ɗaki mai duhu 1250 ya fi 1000 tsabta, abin da sabon shiga ba ya zato. A waje kuma matsalar ita ce yawan haske: babu gilashin rage haske na ND a cikinta. Wanda bai saya ya ɗaura a bakin lens ba, ranar tsaka za ta tilasta masa matse ƙofar hasken lens zuwa f/16 ko f/22, hoton ya rasa kaifi, ko kuma farar riga ta ƙone fat. Kada ka yarda da idonka a kan allon, inci 5 ne, ba ya lanƙwasuwa, kuma rana na dusashe shi. Kunna False Color, saitin da ke nuna yawan haske da launuka a allon: ja na nufin wurin ya ƙone, kore kuma shi ne ma'aunin da ya fi dacewa da fata mai duhu.

Babban aibinta batir. LP-E6 take ci, kuma da ƙyar ɗaya ya kai minti 45. Ko dai a tanadi huɗu zuwa shida, ko a haɗa babban batir ta ramin 12V. Tana ɗauka a katin SD, CFast ko SSD ta USB-C. Tsarin ajiye bidiyo na Blackmagic RAW 12:1 a 4K na cin kusan gigabait 100 a awa. Idan wayar USB-C ta motsa ɗauka ta yanke, a sa mata maƙalli. A yi wa kati format, wato a share shi gaba ɗaya, a cikin kyamarar, ba a kwamfuta ba.

Lens ɗin 25mm a kanta yana ba da faɗin kusan 48mm na kyamara mai babban sensa (full frame), don haka ƙaramin ɗaki sai 12mm. A lokacin hunturu kada a canza lens a fili, ƙura na sauka kai tsaye kan sensa, wato ɓangaren da ke kama hoton.

Makirfonta na ciki don daidaita sauti kawai ya isa. Maganar 'yan wasa a shigar da ita da makirfo na waje ta ramin mini XLR. Sabuwa tana zuwa da lasisin DaVinci Resolve Studio na tace fim, mai sayen ta hannu ya tambayi lambar lasisin kafin ya biya.