Silon motata da fitan da ya gyara min ita a Magazine

Jama'a ga sharhina kan aikin da aka min a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, don masu tsohuwar Corolla irin tawa ta 2003 nasan da yawa suna fama da wannan ciwon na silo, wato juyawar inji lokacin da ba ka taka totur ba. Mota lafiyarta ƙalau in kana kan gudu, amma da ka ɗaga ƙafa daga totur ka taka birki sai allurar rpm ta sauka ƙasa da 500 motar ta hau karkarwa ta mutu, in kuwa ka kunna esi to ai shikenan. Ka yi tunanin wannan a gosulon Anloga Junction da yamma, direbobin trotro na ta maka hon a baya kana ta murɗa ki.

Kafin nan an canza min fulogi a unguwa, an ce famfon mai ne shima an duba, ba abin da ya sauya. Wani ɗan'uwa direban tasi a Aboabo ne ya haɗa ni da wannan fitan, wato makanike.

Abin da ya burge ni da shi bai taɓa sifana ba sai da ya sa na'ura, ta fito da lamba P0505, yace Alhaji wannan na ɓangaren iskar silo ne amma ba lallai bawul ɗin da ke ba injin iska a silo ne ya mutu ba, bari mu gani tukuna. Ya bar injin a kunne ya ɗauko gwangwanin feshin wanke kabireto yana fesawa kaɗan kaɗan a jikin robobin da ke shiga manifol yana kasa kunne, yace in akwai inda iska ke satar hanya to da feshin ya taɓa wurin muryar injin zata canza. Bata canza ba. Sannan ne ya cire tirotul bodi gaba ɗaya, bawul ɗin yana maƙale a ƙasansa, da ƴan tiyo biyu na ruwan lagireto da ke bi ta wurin.

Wallahi da ya buɗe kamar gindin tukunyar mai waakye, baƙin dauɗa ya daskare har ɗan abin da ke juyawa a ciki baya motsi sai ka tura shi da ƙarfi. Nan ya min bayani, kuma shi ne karon farko da na gane aikin abin: in ka saki totur faifan da ke cikin tirotul bodi yana rufewa, to injin bashi da hanyar shan iska sai ta ƴar ƙofar wannan bawul ɗin, kwamfutar mota ce ke buɗe ta ko ta rage ta gwargwadon nauyin da ke kan injin, shi yasa da esi ya kama ko ka murza sitiyari a tsaye dole ta ƙara buɗewa, in ta cije sai mota ta shaƙe. Ƙurar hunturu da hayaƙin mai da ke dawowa daga injin su ke taruwa a wurin shekara da shekaru.

Ya wanke shi tas da feshi da tsohon buroshin haƙori, ya kauce wa gefen da waya ke shiga, ya aiki yaronsa ya sayo sabon gaskit don tsohon ya bushe ya tsage, yace in aka mayar da shi haka ruwa ko iska zasu riƙa yoyo. Ya cire kan batir na ɗan lokaci don kwamfutar ta manta tsohon lissafinta. Da aka tayar allura ta hau sama da 1000, injin na ɗumi tana sauka a hankali har ta zauna wajen 700 daram, na kunna esi ta ɗan nutsa ta dawo.

Nace Masta ko mu sa sabo kawai hankalina ya kwanta? Yace a'a, naka na asali ne, sababbin nan masu araha na cikin kwali wasu silon hawa da sauka yake yi dasu, in har ya sake cijewa to gara mu nemo na hom yus, wato na hannu da aka kawo daga waje, mu auna shi da mita kafin mu ɗaura. Fita ya hana ka kashe kuɗi, wannan ba kullum ake gani ba. Ya kuma tambaye ni ko an cire min tamostat, don mutanenmu suna son cire shi wai ƙasarmu da zafi, alhali injin da baya kai zafinsa silonsa baya zama daidai. Nawa yana nan.

Inda ban ji daɗi ba shi ne jira. Yace in zo da sassafe na zo, amma sai bayan azahar ya taɓa motar don yana da wasu a gaba, ga ba wurin zama na kirki, ga yaran shagon sun bar min tambarin baƙin mai a kujera da sitiyari. Kuɗin aiki da gaskit da feshi duka bai kai na cika tanki ba, wannan kam ba ƙorafi. Tun daga lokacin bata sake mutuwa min a hanya ba, har Kejetia da rana tsaka da esi a kunne.

Masu Corolla daga 2005 zuwa sama irin na Amurka ku lura, naku totur na lantarki ne ba waya, babu wannan bawul ɗin daban, tirotul bodin kansa ake wankewa, kar wani ya sayar muku da abin da motarku bata dashi.